Haƙorin Mai Babbar Murya

A layin likitan haƙori, inda na rako jikata, kusa da ni, ga wani ɗan tsamurmurin mutum zaune, kuncinsa ya kumbura kamar ya ɓoye ƙwai. Rigarsa ta sha guga, takalminsa kuwa ya sha duniya. A cinyarsa akwai littattafai uku iri ɗaya, hoton da ke bayansu nasa ne, tun zamanin da yake da gashi.

Ban kula shi ba sai da ya tambayi ma'aikaciyar jinya ko dole ne a cire masa haƙorin gaba. Ikon Allah! Muryar nan ce mai karanta mana labari a rediyo, wadda na daɗe ina zaton ta wani ƙato ce mai faɗin ƙirji. Ashe duk aradun nan daga bakin ɗan tsako take fitowa.

Ga shi yana ta raɗa, "Assalamu alaikum, masu sauraro," kamar mai bankwana da sallamar. Na gane tsoronsa: kada giɓi ya mayar da ita fito. Da gani, littattafan ba su taɓa ɗora tukunya ba. Muryar ce ke riƙe da gida, haƙorin nan ke riƙe da muryar.

Na ce, "Ɗana, kwantar da hankalinka, dube ni." Na wangale masa baki, fili fetal. "Ko ɗaya babu, amma in ina magana rediyo ma shiru yake yi."

Ya leƙa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya ga ma'aikaciyar, ya ce: "Baiwar Allah, don Allah, ba za a iya yi masa ciko ba?"