Shekarar da Kinuyo Ta Kwantar da Wiwi da Kanta

Kinuyo ba 'yar tudu ba ce. A bakin teku aka haife ta, can Ibaraki, gidan masunta, kuma har ta tsufa a ƙauyenmu ba ta daina cewa kifin rafinmu ɗanɗanon laka yake yi ba. Ranar da mai dalilin aure ta shaida wa uwarta cewa saurayin manomin wiwi ne a tsaunukan bayan Kanuma, tsohuwar zama ta yi ta dinga kuka, wai za a kai mata 'ya gidan da 'yan sanda za su riƙa sintiri. Sai da aka kawo mata damin zare mai launin zinariya, aka ce ga abin da ake noman dominsa, da shi ake tufka igiyar ƙararrawar ɗakin bauta da tsirkiyar baka, sannan ta share hawaye. Irin namu ba ya bugarwa. Wasu samari daga birni sun taɓa shigowa suka saci ganye buhu guda, abin da suka samu ciwon kai ne da kwana a hannun hukuma.

Ni ma aure ne ya kawo ni ƙauyen, shekaru da yawa bayanta, kuma gidanmu da nasu shinge ɗaya ne tsakani. Na same ta ta riga ta zama gwanar kankara. In aka saluɓe ɓawon daga jikin kara, ita ke ɗora shi a katako ta bi shi da wuƙa ta kwashe dattin, ya fito fes kamar an lashe, sannan ta rataye a kan gora a cikin inuwar ɗaki. Mijinta Tokuji shi ke da kwantarwa. Wato in kara ya bushe, sai a tsoma shi a kwamin ruwa, a jera a ɗaki, a lulluɓe da tabarmin ciyawa da tsofaffin barguna, ana yayyafa masa ruwa safe da yamma har ya ɗau zafi ya yi yauƙi, ɓawon ya saki. A nan ne aikin shekara yake gyaruwa ko ya lalace. Tokuji bai taɓa barin kowa ya ɗaga masa tabarma ba. Mutum ne da ba ya magana sai dole, in ma ya yi, rabinta tsawa ce. Shekara arba'in suna tare, Kinuyo ba ta taɓa tambayarsa yadda yake gane karan ya yi ba, shi ma bai taɓa gaya mata ba.

Shekarar da nake magana, damina ta ƙi ɗaukewa. Watan Yuli ya raba ana ta yayyafi, wiwi ya wuce tsayin mutum biyu, ya fara kwanciya a gona. Da aka samu sararin rana sai Tokuji ya ce a tuge. An tuge rabi, an sassabe ganyen, an hura wuta ƙarƙashin doguwar tukunyar ƙarfen da ake tsoma damin kara a tafasasshen ruwa kafin a shanya. Da hantsi, yana ɗaga dami zai juya shi, sai ya sake shi ya zauna a ƙasa kamar wanda ya gaji. Kinuyo ta ce masa, “Baban Noboru, yanzu aka fara.” Bakinsa ya karkace, hannun dama ya zube a cinyarsa. Mijina ne ya ɗauke shi a ƙaramar motarmu ta kai kaya zuwa asibitin cikin gari.

Likita ya ce zai rayu. Maganar ɓarin damansa da bakinsa kuwa, ya ce sai dai a jira. Ɗansu Noboru ya zo daga Utsunomiya ya kwana biyu ya koma bakin aikinsa, domin shi ko kara bai iya ɗaurewa ba. Gidaje huɗun da suka rage masu noman wiwi suka haɗu suka tuge sauran gonar, suka tsoma a ruwan zafi, suka jera wa Kinuyo a tsakar gida, kowa ya koma kan nasa, don nasu ma yana jira.

Sai ruwa ya dawo. Kara da aka dafa in bai samu rana ba, baƙin ɗigo yake yi, daga nan fumfuna, shi ke nan. Kinuyo ta wuni tana fitarwa tana shigarwa. Rana ta leƙo, ta kinkimo dami ta shimfiɗa, hadari ya taso, ta kwashe da gudu, ni ina taya ta in na samu hannu. Da azahar ta hau motar haya ta tafi asibiti, ta tarar da shi yana kallon silin, ta ba shi kunun shinkafa a cokali, ta dawo ta ci gaba. Yayar Tokuji, Matsu, wadda ke aure a hayin rafi, ta tsallako da sandarta ta zauna a baranda tana kallo.

“Ke Kinuyo, wannan safa da marwa da kike yi, karan kike shanyawa ko kanki?”

“Yaya, in kina da rana a aljihu ki ba ni aro.”

“Ubanmu a jikin maratayin itace yake shanyawa, a tsaye.”

“Ubanku ma ruwa na dukan nasa in an yi.”

Mijina yana da rumfar leda da yake tumatir a ciki, kuma a lokacin ya gama cire na farko. Na ce mata, “Yaya Kinuyo, ki kawo mu jera a rumfarmu.” Tokuji ya sha faɗa a bainar jama'a cewa wiwin da aka shanya a leda wiwin malalata ne. Ta dubi sama, ta dubi damin da ke hannunta, ta ce, “Yana kwance, ba ya gani.” Muka kwashe duka muka jera a tsaitsaye, muka buɗe bakin rumfar gaba da baya don iska ta ratsa. Kullum da safe sai ta shiga ta zaro kara ɗaya daga tsakiyar dami ta duba. Ya ɗauki lokaci fiye da na rana, amma wata safiya ta karya ɗaya ya ce ƙas, fari sol a ciki, babu ɗigo ko ɗaya a bayansa. Ta tsuguna a wurin tana riƙe da gutsuren biyu, ta daɗe ba ta miƙe ba. Da ta fito ta ce in dafa mata shayi, ta sha kofi biyu da kokwamba mai gishiri, abin da na fara ganin ta ci da daɗin rai ke nan tun ranar da ya faɗi.

Saura kwantarwa. Akwai hanyar kuɓuta, domin busasshen kara yana iya zama a saman rumbu har baɗi. Amma mai tufka igiyar ɗakin bautarmu yana jiran zaren don bikin kaka, kuma gidan Tokuji ke bayarwa tun zamanin kakansa. Ban da haka, ta gaya mini, in ta bar shi sai ya warke, ta san zaman jiran ne zai kashe ta. Ta bi gidajen nan huɗu ta yi tambaya. Wannan ya ce kwana biyu, wancan ya ce uku, wani ya ce ɗakin Tokuji yana fuskantar arewa, nasa lissafin ba zai yi mata ba.

Kwanciyar farko tsoro ya sa ta ɗaga da wuri. Ɓawon ya manne, muna ja yana tsinkewa guntu-guntu. Ta biyu ta daure ta ƙara masa lokaci, ya wuce. Tun daga ƙofa wari ya tare mu, zaren ya fito toka-toka, in ka ja shi sai ya rabu a hannunka kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Matsu ta ɗaga shi da bakin sandarta.

“Wannan za ki rataya wa allolin? Ko ƙararrawar kyanwa ba zai ɗauka ba.”

Kinuyo ba ta mayar mata ba, kuma wannan ne ya tsorata ni. Matsu ma ta lura, don ta sauke sandar ta ce, “Ki ba ni shi na ɗaure wake da shi, kada a zubar.”

Da ta kwantar da na uku, ranar da ta ga ya fara ɗumi, sai ta sa almakashi ta yanko guntun kara kamar tsawon tafin hannu, ta naɗe a jiƙaƙƙen tawul ta cusa a jakarta, ta hau mota. Ita ta ba ni labarin abin da ya faru. Ta ce ba don ya gaya mata wani abu ta kai ba, don a lokacin ko sunanta bai iya faɗa, iyaka ya ɗaga ido ko ya kau da kai. So take kawai ya riƙe wani abu nasa. Ta warware tawul, ma'aikaciyar jinya ta yamutsa fuska.

“Inna, me kika shigo mana da shi haka?”

“Wiwi ne, 'yata.”

“Inna, ki rufa mini asiri ki ce wani abu daban.”

Kinuyo ta sa wa Tokuji karan a hannun hagu. Ya ɗan riƙe, sai babban yatsansa ya fara murza bayan karan a hankali. Ya kai hanci. Ya tura farce ƙarƙashin ɓawon ya ɗaga kaɗan. Sannan ya miƙa mata, ya girgiza kai, bakinsa yana motsi ba sauti. Ta ce, “Bai yi ba?” Ya lumshe ido. Ta dawo gida ta yayyafa ruwa ta mayar da tabarma.

Washegari da sassafe ta yanko wani ta hau motar farko. Ina tsakar gida ina shanya wanki, wayar gidanmu ta yi ƙara. Muryarta ce, daga wayar kuɗi ta asibiti, tana haki.

“Sumie, ki je ki yaye tabarmin nan yanzu, ki baza karan ya sha iska. Ya ce a cire.”

“Wa ya ce?”

“Shi.”

“Da hannu ya nuna miki?”

“Da baki. Ya ce, ‘Cire.’ Na tsaya ina kallonsa, sai ya ce, ‘Ke.’ Irin yadda yake faɗa in ina ɓata masa lokaci.”

Ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, kuɗin wayar ya ƙare.

Na kira mijina daga gona, na aika aka ɗauko Matsu. Muka yaye barguna, tururi ya tashi, ƙamshin kamar na tsamin kunu mai daɗi. Na kama kara uku na karya gindinsu na ja, ɓawon ya saluɓe tun daga ƙasa har sama a tafi ɗaya, da yauƙi kamar kuɓewa, ya bar karan fari tas. Matsu ta zauna a kujera 'yar tsugunno tana saluɓa tana jan hanci. Motar da ya kamata Kinuyo ta sauko daga cikinta ta wuce ba ta tsaya ba. Ashe barci ya kwashe ta tun daga bakin asibiti, sai da direba ya tashe ta a ƙarshen hanya, can inda ake yankan katako. Ta tako da ƙafa, ta iso mun ci rabin aikin, da zanen kujerar mota a kumatunta. Ko ruwa ba ta sha ba ta zauna gaban katakonta ta ɗauki wuƙa.

Zare ba ya nuna launinsa ranar da aka kankare shi. Jiƙe yake, kore-kore, sai ya sha inuwa da iska kwana da kwanaki. Ta rufe tagogin kudu, ta bar na arewa a buɗe, tana shiga tana taɓawa da bayan hannu. A hankali ya washe, ya ɗau sheƙi, in iska ta kaɗa sai ka ji yana ƙarar siliki. Mai tufka ya zo ya ja tsiri ɗaya da ƙarfinsa bai tsinke ba, ya ɗaure rabonsa a bayan babur ya tafi.

Sauran kwanciyar duka haka ta yi su, da guntun kara a tawul, har ma'aikatan jinya suka saba suna tambayarta ko ya yi yau. Amma daga ta biyar ta fara faɗar nata kafin ya taɓa. Ta ce masa saura, ya murza ya yi shiru. Shirun nan a wurin Tokuji shi ne amincewa.

An sallamo shi bayan bikin kaka, yana jan ƙafar dama, da sanda mai ƙafa huɗu. Bai nufi ɗakin kwana ba, ɗakin zare ya nufa, mu muna biye. Ya tsaya ƙarƙashin gorar yana duba na ƙarshen da ke rataye, ya shafa, ya juya shi ga haske. Sai ya waiwayo ta taga, inda rumfar mijina take, da sauran igiyoyin da muka ɗaure dami har yanzu a jikin ƙarafunanta. Wani ya riga ya kai masa tsegumi, kuma na san ko wace ce.

“Leda,” ya ce.

“Eh, leda,” in ji Kinuyo. “Baɗi ma leda. In ba ka so, ka warke ka kinkima da kanka.”

Matsu ta ce ita dai ba ta ce komai ba, aka yi dariya, shi kuwa ya ja tsaki da rabin bakin da ke motsi, ya nemi a ba shi kujera.

Ya ƙara shekara tara a duniya. Maganarsa ba ta dawo duka ba, hannun daman bai sake riƙe komai ba. Suka rage gonar zuwa kashi ɗaya cikin uku, sauran suka ba mijina yana shuka soba, hatsin da ake taliya da shi. Kinuyo ce ke kwantarwa, shi yana zaune a bakin ƙofa da bargo a cinya, in ta fito da guntun kara wani lokaci ta miƙa masa, wani lokaci ta wuce shi kawai ta kira ni mu fara saluɓa. Yanzu ta haura tamanin, gwiwa ta hana ta gona, amma wata mata da mijinta da suka bar Tokyo suka karɓi filin suna zuwa ɗaukarta a mota duk watan Agusta ta duba musu kwantarwa. Tana zuwa da nata abin zama da nata shayin a gora, don ta ce nasu ba ya da ƙarfi.