Dogo Dillali da Sikelin Gilashi

Sunansa na yanka Habibullah, amma in ka shiga karar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis kana neman Habibullah, sai rana ta faɗi ba ka same shi ba. Dogo za ka ce. Tsawon yana nan, sai dai faɗi ya riga ya cim masa, don mutumin ba ya wasa da cikinsa. Wannan Dogon ne saura ƙiris ya rasa matarsa Lauratu a gaban idonsa, yana zaune yana dariya.

A Ɗanzomo aka haife shi. Tun bai kai ƙugun ubansa ba yake bin sa koro tumaki da ƙafa zuwa kasuwa, a nan hannunsa ya koyi abin da ya ci da shi har yau. Dogo ba ya tambayar abin da rago ya ci. Zai dafa gadon bayansa, ya matsa gindin wutsiya, ya sa yatsu a ƙirji, sannan ya faɗa maka ko kitse ne, ko kuwa ruwa da dusa aka ɗura masa da safe don ya cika ido. Fatake daga kudu ba sa ɗaga uda ko balami su sa a mota sai ya taɓa. Abokinsa Cindo mahauci ya sha yin musu da shi, a yanka dabba a feɗe, a tarar yadda ya faɗa haka take. Shi kuwa Dogo, Allah ya jiƙan iyayenmu, ba ya iya shiru da baiwarsa. Kullum maganarsa ke nan, ido ba mudu ba ya san kima.

Lauratu kuma, wadda yake kira Laure, shekararsu talatin da takwas tare. Mace ce mai kazar-kazar, ba ta zama, ba ta kuka da ciwo. In kanta na sarawa ɗaure shi take yi da ɗankwali ta ci gaba da daka. Ta san yawan gishirin da yake so a miya, ta san tarin da yake yi in ransa a ɓace yake. Shi kuwa, in gaskiya za a faɗa, ya saba da ita kamar yadda mutum ke sabawa da inuwar gidansa.

Sikelin autarsu Mansura ce ta kawo shi. Malamar firamare ce a Dutse, a can take aure. Ta zo ganin gida wata uku kafin azumi, ta tarar ubanta na haki in ya sunkuya ɗaura takalmi, hankalinta ya tashi. Da ta sake zuwa sai ga ta da wani faifan gilashi baƙi, da ƙarafa huɗu masu sheƙi a kansa. Ta ce a birni banɗaki ake ajiye irinsa. Dogo ya ce ba dai a gidansa za a kai gilashi makewayi ba. Aka gwada shi a tsakar gida, rairayi ya hana shi zama daidai, sai aka ba shi wuri a kan simintin ƙofar ɗakin Lauratu.

Mansura ta yi musu bayani. Mutum zai hau ba takalmi, wani ɗan lantarki da ba a jin sa zai bi ta ƙafa ɗaya ya sauko ta ɗayar, sai abin ya nuna nauyi, ya kuma kintata yawan kitsen jiki. Ta ce sau ɗaya a mako, da safe kafin a ci komai, kuma Baba ya ɗauki hoton lambar ya turo mata ta waya. Don kada ya ga shi kaɗai aka sa wa ido, ta ce Inna ma ta riƙa hawa. Dogo ya zaɓi Alhamis, tunda ranar da wuri yake tashi.

To, ka kawo wa dillali abin da ke cewa ya san kitse, ai ka kawo masa abokin gaba. Ranar farko ma abin ƙin magana ya yi, ya nuna nauyi kawai ya yi shiru, saboda kaushin ƙafar Dogo ya fi ƙarfin lantarkin. Sai da ya goge tafin da jiƙaƙƙen tsumma ya ce kitsensa kashi talatin da biyu ne cikin ɗari. Dogo ya tafi ya yi alwalar walaha, ya dawo da danshi a ƙafa ya hau, abin ya ce ashirin da takwas. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya kira Cindo ya zo ya ga ikon Allah, alwala na narkar da kitse. Suka gwada bayan fura, suka gwada bayan an dawo daga rana, kowane lokaci da irin amsar da yake bayarwa. Har ɗan rago Dogo ya rungumo ya hau da shi, abin ya haɗa su biyun ya yanke musu kitse ɗaya.

Da azumi ya shiga kuwa abin ya ƙara ba da kansa. Ana dab da shan ruwa, maƙogwaro ya bushe, ciki ya lafe, Dogo ya hau, sikeli ya ce kitse ya ƙaru. Mansura ta yi ta faɗa masa a waya cewa da ruwan jiki abin ke lissafi, in ruwa ya ragu sai ya ɗauka kitse ne ya yi yawa, don haka kada ya kula da lambar yini ɗaya, ya duba inda take dosa a wata biyu ko uku. Ina! Dogo ya riga ya yanke hukunci. A majalisa ya sa masa suna maƙaryacin gilashi, ya ce da dillali ne da tuni an kore shi daga kara. Amma bai fasa tura hoto ba, don ba ya iya saɓa wa autar nan tasa.

Shi dai idonsa na kan lambar kitse, wadda ke ba shi dariya. Lambar nauyi, wadda ba ruwanta da alwala, bai taɓa tsayawa ya dube ta ba. Ta Lauratu ta fara da kilo sittin da huɗu. Kafin azumi ta sauka sittin da ɗaya. Aka sha ruwa ashirin tana hamsin da tara, kowa ya ce azumi ne. Aka yi ƙaramar salla aka koma cin abinci, ta ci gaba da sauka, hamsin da bakwai, hamsin da shida. Ga ta kuma da ƙishirwa, ba ta wuce randa ba ta ɗiba ba. Dogo ya ce zafin bana ne, ai kowa ma sha yake.

Mansura ce ta jera hotunan a wayarta ta gani. Tana da juna biyu a lokacin, cikin ya tsufa, an hana ta hawa mota. Ta kira tana kuka ta ce a kai Inna asibiti. Dogo ya ce abin da bai san kitsen mutum ba, ina zai san ciwonsa? Lauratu ta karɓi wayar ta lallashe ta, ta ce lafiyarta ƙalau, za ta ƙara cin abinci. Sai ga shi kuwa Alhamis ta gaba lamba ta hau hamsin da tara, ta bayanta sittin da ɗaya. Mansura ta yi hamdala. Dogo ya samu abin faɗa, ya ce ga shi nan, maƙaryacin ya janye ƙarar da kansa.

Kaji ne suka tona asirin. Ranar Alhamis ce, saura kwana tara babbar salla, kasuwar da Dogo ke jira duk shekara. Motocin fatake sun kwana a gari, tun asuba wayarsa ke ƙara. Ya hau sikeli a gurguje ya ɗauki hoto, ya ce Laure ta zo ta hau ya wuce. Ta fito daga ɗaki cikin dogon hijabi, tana tafiya a hankali. Sai kajin gidan suka yo kanta gaba ɗaya, suna tsattsagar ƙasa a bayan dugaduganta. Ta kore su, suka dawo. Dogo ya duba, ya ga ƙwayar gero na zubowa daga ƙasan hijabin, siriri, tun daga ƙofar ɗaki har kan gilashin.

Ya ɗaga hijabin. Tiya biyu ce ta gero a cikin leda, ta goya ta da majanyi kamar jariri, ɓera ya ɓula ledar ba ta sani ba.

Ya buɗe baki zai yi dariya, don abin na dariya ne, sai hannunsa ya sauka a kafaɗarta. Hannun nan da bai taɓa yi masa ƙarya ba ya ji ƙashi tsirara. Ya kama damtsenta, yatsunsa suka zagaye shi suka haɗu. Kunya da tsoro suka rufe shi lokaci guda, irin tsoron da bai ji ba tun rasuwar mahaifiyarsa.

“Laure, me ya sa?”

Ta sunkuyar da kai. Ta ce yarinyar nan ga halin da take ciki, in ta ci gaba da ganin lamba na sauka, mota za ta hau ta taho, wani abu ya same ta a hanya. Sannan ta faɗi na ƙasan zuciyarta, da ƙyar. Yayarta A'i haka ta fara, da rama da shan ruwa, aka daɗe ana jiƙe-jiƙe, ranar da aka kai ta asibiti ba ta dawo ba. Tun daga nan Lauratu ke ganin ƙofar asibiti kamar ta shiga ce kawai.

Dogo bai yi faɗa ba, shi da ke faɗa a kan gishiri. Ya kwance majanyin da hannunsa ya ajiye geron, kaji suka samu salla. Ya ce ta hau haka nan. Ta hau, abin ya nuna hamsin da huɗu da ɗigo. Ya ɗauki hoto, sai da ya sake sau uku kafin lambar ta fito. Bai tura wa Mansura ba tukuna. Ya leƙa waje ya tsayar da mota mai zuwa Gumel, ya ce wa Cindo a waya ya shaida wa fatake su nemi wani, yau Dogo ba ya kasuwa. Cindo ya ɗauka wasa ne, don shekara arba'in ko zazzaɓi bai taɓa hana shi Alhamis ba.

A asibitin Gumel aka huda yatsanta aka ɗiga jini a wani ɗan tsinke. Ma'aikaciyar jinyar, wata mai suna Naja'atu, ta dubi na'urar, ta dubi Lauratu, ta tashi ta kira likita. Ciwon sukari ne, kuma ya hau sosai. Likita ya ce za a kwantar da ita kwanaki a saukar da shi, ciwo ne da ake rayuwa da shi shekaru in an kiyaye magani da abinci, amma da an ƙara wata guda a gida, da wani zancen ake yi. Sannan ya juya ga Dogo ya tambaye shi tun yaushe ta fara ramewa.

Mutumin da zai faɗa maka kwana nawa rago ya yi bai ci sosai ba, bai san yaushe matarsa ta fara ramewa ba. Can ya tuna, ya ciro waya ya miƙa. Naja'atu ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da kwanan watansa, tana rubutawa. Likita ya ce lambar kitsen su bar ta, kintace ce, irin wannan sikeli ba ya ganin cikin mutum. Amma jerin nauyin nan ya yi amfani ƙwarai, don ba kowa ke zuwa da irinsa ba. Ya nuna inda lambar ta yi tsalle ta koma sittin da ɗaya, ya ce nan kuma me ya faru? Lauratu ta ja hijabi ta rufe fuska. Dogo ya yi gyaran murya ya ce, “Wannan gero ne, likita.”

Bayan la'asar aka bar masu dubiya su shiga. Dogo ya same ta a kwance an sa mata ƙarin ruwa, ta ɗan yi barci ta farka. Ya riga ya kira Mansura ya faɗa mata komai, har da geron, ta yi kuka ta yi dariya, ya rantsar da ita ba za ta hau mota ba. Wayarsa na ta ruri a aljihu, fatake ne. Lauratu ta ji, ta ce da ƙaramar murya ya tashi ya je ko ƙarshen kasuwa ya samu, ga mata nan a ɗakin za su duba ta, kada ya yi asarar salla guda saboda ita.

Ya ciro wayar ya kashe ta gaba ɗaya. Ya jawo kujerar roba ya zauna a bakin gadon, ya ɗora hannunsa a kan nata, a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba.

“Shekara talatin da takwas kina gabana ban dube ki ba, Laure. Ki yafe mini. Yau dai ki bar ni in dube ki.”

Ta juyar da fuska bango don kunya, matan gadajen kusa suka yi kamar ba su ji ba. Hannun dai ba ta janye shi ba.