Falmaran Ɗin da Isiya Ya Sa

Inna ta riga mu tashi, kamar kullum. Muna dawowa daga masallaci muka tarar ta dama koko, shayi yana kan gawayi. Ɗaki biyu muke haya a unguwar Ambasatna, cikin birnin Injamena, ni da ita da ƙanina Isiya. Mu uku muka rage. Baba da sauran 'yan gidanmu suna kwance a garinmu na bakin tafki, can Najeriya, tun ranar da mutanen nan suka shigo da babura. Ba zan kira sunan ƙungiyarsu ba. Ba su kai in ɓata bakina da shi ba.

Gwanjo muke sayarwa. Mu saro dila a kasuwar Dembe, mu fasa a gida, mu kai bakin kasuwa. A dilar da muka fasa da yammacin da ya gabata akwai wani falmaran mai ruwan lemo, da layi biyu masu ƙyalli, da rubutun Turawa a baya wanda ba mai iya karantawa a cikinmu. Duk ɗan gwanjo ya san ƙa'ida. Kayan da ya fi ɗaukar ido ba a ƙasa ake baza shi ba, a jiki ake sa shi. In mai saye ya taya, ka tuɓe ka miƙa masa nan take. Isiya ya ce 'yan kilando, masu haya da babur, za su yi rububinsa kafin azahar. Ya zura shi a kan rigarsa. Na ce ya yi kama da mangwaron da ya nuna ya wuce. Inna ta yi dariya har ta ƙware da shayi.

Isiya ya fi ni sabawa da Injamena. Larabcin garin ya zauna a bakinsa, yana ciniki da shi, yana tsokanar mata masu kifi da shi. Ni na ƙi koya. Nakan ce mu baƙi ne, gobe ko jibi za mu koma gida. In an yi magana da ni sai in nuna shi.

Rana na ɗagowa muka isa bakin kasuwa. Muka shimfiɗa tamfol, shi ya riƙe kusurwa biyu, ni biyu. Muka baza kaya. Mai rediyo na gefenmu ya kunna waƙa. Wata mata ta taya wandon yara ta tafi ba ta saya ba.

Da hantsi abin ya tashi, a ƙofar kasuwa inda mata masu kayan miya ke zama. Ƙasa na fara ji ta buge ni a tafin ƙafa, kafin ƙarar ta iso. Kunnena ya toshe, sai wani siririn fito a ciki. Kwanon rufi ya yi sama, ya sauko a hankali. Ƙura ta rufe rana. Na ga bakunan mutane a buɗe, ban ji komai ba. Da jina ya dawo, kukan wata akuya na fara ji, sannan na mutane.

Na san wannan warin. Na shaƙe shi a garinmu. Na kama hannun Isiya, na ce, "Mu tafi!"

Kafin mu ɗaga ƙafa wata mata ta fito daga cikin ƙurar, ba mayafi, jini a goshinta. Idonta ya faɗa kan ruwan lemon nan. Ta damƙi falmaran ɗin da hannu biyu tana ja. "Ta'al! Ta'al!" Zo, zo. Ta ɗauka ma'aikacin ceto ne. Wani dattijo ma ya riƙo shi ta ɗaya gefen yana nuna rumfar da ta rufta.

Isiya ya dube ni. Kalma ɗaya ta ishe shi ya gaya musu ɗan gwanjo ne, kuma yana da Larabcin faɗarta. Bai faɗa ba. Ya zare hannunsa daga nawa.

"Yaya, riƙe kayan."

Na yi ihu, "Cire rigar nan!" Ya riga ya shiga ƙurar.

Ba a daɗe ba jiniya ta taso daga wajen unguwar Bololo. Motar asibiti ɗaya, da a-kori-kura biyu. Tun kafin su tsaya mutane suka diro daga baya, maza da mata, sanye da falmaran kusan irin na Isiya. Kowa yana gudu yana barin wurin, su suna gudu suna shiga. Wata mace ce ke ba su umarni, doguwa, baƙa, da ƙaramin gicciye a wuya, 'yar kudancin ƙasar. Na hango ta ta nuna Isiya, ta nuna gadon ɗaukar majinyata. Ya kama gefe ɗaya. Ya fito da wata tsohuwa, ya koma. Ya fito da wani mai ƙafa a karye, ya koma.

Bandejinsu ya ƙare. Na ga wani yana yage rigarsa don ya ɗaure cinyar wata yarinya. Na rungumo gwanjo iya ƙarfina na kai musu. Rigunan sanyi, zanen gado, wandunan yara. Suna karɓa suna yagewa da haƙori. Na juya in ɗebo wasu.

Na sunkuya ke nan a kan tamfol na biyun ya tashi.

Wannan a gindin motar asibiti ya tashi, daidai inda ruwan lemo ya fi yawa. Jira suka yi. Wani ɗan'adam da uwa ta haifa ya tsaya a cikinmu da abin a jikinsa, yana kallon ana jan mutane daga ƙarƙashin katako, yana jiran masu taimako su taru. Sun san halinmu. Sun san in mutum ya faɗi ba ma wuce shi. Da wannan suka yi mana tarko. Allah Ya isa tsakanina da su, da wanda ya aiko su, da wanda ya ba su wurin kwana.

Na tashi ina tangaɗi. Na nufi wutar ina kira, "Isiya! Isiya! Wayyo ƙanina!" Da Hausa nake ihu, Hausar can gida, don ba ni da wata. Wani ya juyo. Ya nuna ni, ya faɗi wata magana, na tsinci kalmar Najeriya a ciki. Wasu suka juyo. Idanunsu jawur, wasu da jinin 'yan'uwansu a riga. Dutse ya same ni a kafaɗa.

Na ruga. Na bi ta layin masu gawayi, na tsallake kwata, takalmina ɗaya ya tsaya a ciki. Ina jin ƙafafu a bayana. Ƙofofi suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, ƙarfe na bugun ƙarfe. Na faɗa wani lungu, na fito kan titi, na ci karo da bango. Sanda ta sauka a bayana. Na durƙusa na rufe kaina. Ban ga laifinsu ba ko a lokacin. Da ni ne na kama wanda nake zaton shi ne, da abin da zan yi masa ya fi haka.

Birki ya yi ƙara a kusa. Muryar mace ta tsaga hayaniyar. "Hallu!" Ku ƙyale shi. Ita ce, mai gicciyen, a tsaye a bayan a-kori-kura cike da majinyata. Jini na zuba daga kunnenta, rabin falmaran ɗinta ya ƙone. Ta gane ni, mai kawo tsumma. Ba ta tsaya yi wa kowa bayani ba. Ta sunkuyo ta danƙa mini robar ƙarin ruwa da aka jona a hannun wani mutum. "Akrub!" Riƙe. Ta ɗaga hannuna sama. Sandunan suka tsaya. Ba wanda zai doki mai riƙe da ran wani. Ta jawo ni na hau, motar ta tashi.

A hanya na so in tambaye ta. Na lalubi Larabcin da na ƙi koya, kalma ɗaya na samu. "Ahuy," na ce, ɗan'uwana. Na nuna falmaran ɗinta, na nuna bayanmu. Ta dube ni, ta koma danna ƙirjin wata mata. Hannuna ya yi sanyi a sama, ban sauke ba har asibiti.

Ana kiran azahar muka shiga. Layin masu ba da jini ya fita har titi. Sojoji, 'yan makaranta da kayan makarantarsu, mata masu lafaya, 'yan kilando da hular kwano a hannu, wani limamin coci da farar rigarsa, Larabawa, 'yan kudu, Barebari. Ba wanda ya tambayi jinin wa za a sa wa wa. Na shiga layin, aka ɗebi nawa. Sannan na fara bin ɗakuna.

Majinyata har ƙasa. Ko'ina na duba sai in ga kayana. Zanen gadonmu a kan wani, rigar sanyi mai hoton kare a ɗaure a hannun wani. Wandon yaran da matar nan ta taya da safe yana naɗe a ƙafar wani tsoho. Ina bin fuskoki ɗaya ɗaya. Duk wanda aka lulluɓe sai in ɗaga. Na zaga, na sake zagawa. Ba Isiya. Na ce a raina wataƙila yana can yana ɗaukar mutane, bai san an gama ba.

Bayan la'asar mai gicciyen ta zo ta same ni, an naɗe mata kai. Ta taho da wani tsoho mai shara, Bahaushen da aka haifa a nan, don ya yi mana tafinta. Ya ce sunanta Madam Solkem, ita ce shugabar masu ceton da suka fara isa. Ta ce in biyo ta.

A bayan ginin, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, an jera gawarwakin nata mutanen dabam. Kowanne an rufe shi da tutar ƙasar, shuɗi da rawaya da ja. Tsohon ya ce ta san sunan kowa, ta san gidan kowa, ban da na ƙarshe. Tun rana suke tambaya, ba wanda ya san shi.

Ƙafar na fara gani. Babban yatsan da ƙusa ta tsaga tun muna yara. Ban ɗaga tutar ba sai da na zauna.

Fuskarsa ba ta taɓu ba. Ƙura ce kawai a girarsa.

Na ce wa tsohon ya gaya mata an yi kuskure. Ba ma'aikacinsu ba ne, ɗan gwanjo ne, rigar ta sayarwa ce, kuma ba ɗan ƙasar ba ne. Na kai hannu zan cire tutar in mayar musu. Ta dafe hannuna. Ta yi magana a hankali, tsohon ya juya mini. Ta ce tun ɗaukar farko ta gane, don bai iya riƙon gadon ba. Ta ce ta kore shi, ya ƙi fita. Sannan ta dubi Isiya ta faɗi abin da bai buƙaci tafinta ba. "Da hanana." Wannan namu ne.

Washegari da safe masu ceton ne suka ɗauki makararsa, da falmaran a jikinsu, wasu da bandeji. Kiristocin cikinsu suka tsaya a bakin maƙabarta cikin rana har muka gama. Madam Solkem ta zo gida ta durƙusa gaban Inna. Ba su jin harshen juna. Inna ta riƙe kanta mai bandeji ta daɗe ba ta saki ba.

A makon nan da yawa daga cikin mutanenmu suka ƙulle kaya suka haye kogi suka bar ƙasar, don tsoron abin da ya same ni a titi. Maƙwabcinmu ya ce ya samo mana wuri a mota. Na ce ya ba wani. Na gudu daga garinmu, na gudu a layin masu gawayi, ya isa. Ƙasar da ta rufe ƙanina da tutarta, ta karɓe shi a cikinta, ban ga inda zan je in bar ta ba.

Na je neman shiga soja, aka dubi furfurata da kafaɗata aka sallame ni. Sai na koyi Larabcin. Na koye shi don ranar da zan ga baƙuwar fuska da riga mai kumburi in iya yin ihun da za a gane. Duk wanda ya tsaya a ƙofar kasuwa ba ya saye ba ya sayarwa, idona na kansa. Inna takan ce in bar wa Allah. Na bar masa. Amma bayan kowace salla ina roƙon Ya nuna mini su tun a duniya, a ɗaure, ido biyu, in tambayi wanda ya tsara tashin na biyu ko ya san sunan mutum ɗaya cikin waɗanda ya jira. Ban yafe ba. Ba na kuma neman in iya yafewa.

In jiniya ta wuce, nakan miƙe tsaye har ta ɓace. Duk zanen gado mai kyau da ya fito a dila, na masu ceto ne, ni nake kai musu da kaina.

Na koma wurinmu a bakin kasuwa. Tamfol ɗin mutum biyu ke naɗe shi. Yanzu in magariba ta kusa, a ƙasa nake barinsa, in ninke wannan gefen, in zagaya in ninke wancan. Isiya ya ce in riƙe kayan. Ina nan riƙe da su.