Inda Baba Ke Sauke Kwandon Inna

Damina goma sha biyu ke nan da aka rufe mahaifina, Malam Garba, a maƙabartar Kurgu. Kowace shekara idan shinkafa ta fara fitar da kai nakan bar Bagudo in je gida, mu yi masa addu'a, mu raba wa maƙwabta sadakar masa. Bana na tafi da damuwa a raina, na dawo da kunya, domin na gano cewa kusan shekara arba'in ina yi wa bawan Allahn nan gurguwar fahimta.

Baba manomi ne, ba mai yawan magana ba. Inna kuwa 'yar Dendawa ce, daga wani gari na bakin iyakar Benin ya auro ta, kuma ta zo da sana'arta: busasshen kifi da gishiri. Duk ranar kasuwa takan haye kogi ta saro, ta dawo da la'asar da kwando shaƙe da kaya. Baba yakan bar gona ya tarye ta a mashigi, ya karɓi gammonta ya ɗora a kansa, ya ɗauki kwandon, su jero suna hira. Amma da sun iso gindin wata ɗorawa da ke bakin gari sai ya tsaya, ya mayar mata da gammo, ya aza mata kaya, ya yi gaba ya shiga gari hannuwa a baya kamar wanda ya dawo duba shuka.

Ina ƙarama abin dariya yake ba ni. Da na girma na shiga kwalejin horon malamai, na fara jin kaina, sai ya koma ba ni haushi. Na yanke masa hukunci cewa tsoro ne: yana son matarsa, amma yana kunyar a gani. Har na taɓa faɗa masa, da rashin kunyar ɗiyar da aka shagwaɓa, cewa wanda ya ɗauko kaya tun daga mashigi ai sai ya kai shi gida. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Malama ta yi karatu." Bai ƙara komai ba, ni kuma na ɗauka na ci gardama.

Damuwar da na kai gida bana ta ɗiyata ce, Sa'adatu. Ma'aikaciyar lafiya ce, tana da mashin ɗinta, tana zagaya ƙauyukan Geza da Bahindi tana yi wa yara rigakafi. Wanda ke nemanta, Nasiru, yaro ne da kowace uwa za ta so. Yakan buɗe mata ƙofar mota, ya karɓe mata jaka, idan ana rana ya riƙa mata lema. Ni kuwa wadda mijina bai taɓa buɗe min ko ƙofar kaji ba, abin ya shiga raina ƙwarai. An tsayar da magana cewa bayan girbi za a sa rana.

Sai damina ta sauka, hanyoyi suka lalace. Nasiru, ba tare da ya gaya mata ba, ya je ya sami shugabanta a wurin aiki, ya roƙi alfarma a cire ta daga masu fita ƙauye a zaunar da ita ofis. Aka kuwa yi masa. Sa'adatu ta ji labarin a bakin abokan aikinta. Ta dawo gida ba ta ci abinci ba, ta ce min a dakatar da maganar sa rana. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Na ce 'yan matan yanzu ba su san abin da suke so ba: idan namiji ya ƙyale su su ce ba shi da kula, idan ya kula su ce ya raina su. Ta ce, "Mama, ban ƙi ya ji tausayina ba. Amma ko tambayata bai yi ba." Na ce da kakanta yana raye da ya gaya mata darajar namijin da ke ɗauke wa mace nauyi.

Da wannan zafin na isa Kurgu. Bayan an shafa addu'a, mata sun watse, na zauna kusa da Inna tana tsintar shinkafa a faifai, na zayyana mata komai. Na ƙare da cewa Nasiru ma ya fi Baba, tunda shi a gaban kowa yake yi, ba ya sauke kaya a bakin gari.

Inna ta ajiye faifan. "Ke Malama, wa yac ce miki shi na ka son saukewa? Ni nic ce ya sauke."

Sai ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Farkon aurensu, ranar da ya fara taryen ta, har cikin gida ya kai kwandon a kansa. Kafin magariba gari ya ɗauka cewa 'yar Dendawa ta zo da asiri ta mallake Garba. Uwarsa ta daina cin tuwon Inna, mata suka janye daga sayen kifinta. Shi abin bai dame shi ba, ya ce su yi ta faɗi. Ita ce ta zaunar da shi ta ce masa maganar ba a kansa take sauka ba, a kanta take sauka, kuma tana son ta shiga garin nan da kayanta a kanta, a san ita ta nemo. Ya tambaye ta to ina take so ya tsaya. Ta ce gindin ɗorawa.

"Kuma kullum sai ya tambaya," in ji Inna. "In munka iso sai ya ce, 'Nan, ko mu wuce?' Shekara da shekaru bai gaji ba." Sau ɗaya tak ta ce ya wuce, lokacin tana da tsohon cikin ƙanena, ƙafafunta sun kumbura. Ranar ya ratsa tsakiyar gari da kwandon kifi a kai, ya gaida dattawan ƙofar masallaci ɗaya bayan ɗaya, ko sauri bai ƙara ba.

 Mutumin da na kira matsoraci ashe ya bar ɗiyarsa ta ci gaba da ganin sa haka, don kada ya tona abin da ke tsakaninsa da matarsa. Na yi kuka a wurin, kukan da ban yi irinsa ba tun ranar rasuwarsa.

Ina jin ana ta muhawara a rediyo da wayoyi ko irin wannan ladabi na maza yana da sauran wuri, yanzu da mata ke da albashinsu da abin hawansu. Wasu na cewa ya tsufa, wasu na cewa mata ne suka kashe shi. Ban san me Baba zai ce game da buɗe ƙofar mota ba, shi da bai mallaki ko keke ba. Ina jin zai yaba wa Nasiru, don yana son yaro mai tausayi. Amma na tabbata zai ja shi gefe ya tambaye shi ko ya ji ta bakin yarinyar kafin ya karɓe mata aikinta. Ɗaukar kaya kowane mai ƙarfi zai iya. Abin da Baba ya iya shi ne sanin cewa kayan ba nasa ba ne.

Da na dawo Bagudo na ba Sa'adatu haƙuri, abin da ban saba ba. Na kira Nasiru na ba shi labarin ɗorawa, ban ƙara masa da wa'azi ba.  Washegari ya koma wurin shugabanta ya janye roƙonsa, sannan ya zo ya tambayi Sa'adatu me take so ya yi. Ta ce ranar da za ta haye ruwa ya zo ya kama mata mashin su sa a kwalekwale, daga nan ya koma aikinsa. Sau uku ke nan yana zuwa. Ba ta ce a sa rana ba tukuna, ni kuma na koyi rufe bakina, amma shekaranjiya na ji ta tana tambayar ƙanwarta wane launi zai dace da anko.

Ɗorawar tana nan, hanyar maƙabarta ta gefenta ta bi. Ranar da zan baro Kurgu Inna ta rako ni har gindinta, tana dogara sanda. Ta dafa itacen ta daɗe tana kallon hanyar, sannan ta ce, "Duk inda nic ce ya tsaya, nan yaka tsayawa. Rana guda ɗai nic ce mai kada ya tahi, bai tsaya ba." Ta goge ido da bakin mayafi. "To, wanga kira ba nawa ba na."

Allah ya jiƙan Malam Garba, ya sauke masa nauyi kamar yadda ya sauke wa uwata.