Wa Ke Riƙon Noelle?

Verna Stroud ta tsufa tana tuƙa motar 'yan makaranta a Toledo. Doguwa ce mai kakkausar murya, ko yaran da suka fi rashin ji kan natsu idan ta harare su ta madubi. Ɗa ɗaya ta haifa, Curtis. Shi ya kawo mata 'yarsa Noelle tun tana famfara, ya ce ta riƙe ta kafin ya samu aiki a Detroit. Aikin dai ya samu, amma bai dawo ɗaukar yarinya ba.

Haka Verna ta yi ta riƙo har Noelle ta shiga jami'a tana karatun jinya. Tallafin da aka ba ta bai cike kuɗin makaranta ba, sai Verna ta ƙara da aikin Asabar, tana kai 'yan ƙwallo garuruwa. Abin da ta dogara da shi shi ne rangwamen haraji da gwamnati ke yi wa mai riƙon ɗalibi. Da shi take sa ran biyan zango na gaba.

Da jami'a ta aiko takardar shaidar kuɗin karatu, Verna ta kai wa Dwight, wani tsohon akanta da ke cike wa mutane takardun haraji kyauta a laburaren unguwa. Ya cike ya tura ta kwamfuta. Washegari sai ga wayarsa.

"Madam Stroud, hukumar haraji ta dawo da takardarki. Wani ya riga ki sa Noelle a tasa, ya ce shi ke riƙonta."

"Wani wa?"

"Ba sa faɗa. Amma sai wanda ya san lambar shaidar da gwamnati ta ba yarinyar. Kina iya aika taki ta gidan waya da hujjojinki. Za su bincike ku duka biyu, wanda ya yi ƙarya ya mayar da kuɗi, har da tara."

Ta san ko waye. Daga garejin motoci ta kira Curtis.

"Kai ne ka sa Noelle a harajinka?"

"To Mama, ba 'yata ba ce?"

"'Yarka ce. Aji nawa take yanzu?"

Ya ce, "An rage mana aiki, Mama. Mai gida ya kusa fitar da mu. Kuɗin sun riga sun tafi."

"Da ka tambaye ni mana!"

"Da kin ba ni? Mama, in kika aika takardar nan kin gama da ni. Ɗanki za ki haɗa da hukuma?"

Ya kashe waya.

Verna ta yi kwanaki da ambulan ɗin takardun harajinta a jaka. Ta zo ƙofar gidan waya ta wuce, ta dawo ta sake wucewa. Abinci ya daina shigar ta. Ran nan har ta manta yaro a bakin hanya, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ƙarshen mako Noelle ta zo gida, ashe uban ya kira ta yana kuka. Ta tsaya a kicin tana wasa da zoben hannunta.

"Kaka, ki bar masa. Zan ajiye zango ɗaya in yi aiki a gidan abinci, in koma."

"Sake faɗa in ji."

"Zango ɗaya ne fa."

"Yarinya, na ɗauki yara da yawa a motar nan da suka ce zango ɗaya. Suna nan suna soya dankali. Ɗauko mini rigar sanyina."

Noelle ta bi ta har mota tana roƙo. Verna ta tuƙa har gidan waya, ta miƙa ambulan ta karɓi rasit, sannan ta dawo mota ta kifa kai a sitiyari.

Kuɗin ba su zo ba sai da aka yi nisa a sabon zango, Verna tana lallaɓa jami'a da biyan wata-wata. Curtis ya samu tasa wasiƙar daga hukumar haraji, yana mayar da kuɗin kaɗan-kaɗan. Ya daina ɗaukar wayarta.

Da Kirsimeti Noelle ta ce za ta je Detroit ta gan shi. Verna ta gasa kek ɗin dankali, irin wanda yake so tun yana yaro, ta naɗe ta ba ta.

"In ya tambaya, ki ce saye kika yi a hanya."