Ƙofofin Daurawa da Sunan Yaya Garba

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayana, Malam Garba kafinta. Duk shekara sai in ce bana zan yi masa addu'a in yi shiru, amma bana na kasa.

Sana'arsa ita ce manna siririn falle na katako mai tsada a kan katako mai araha, ƙofa ta fito kamar daga gungume ɗaya aka fafe ta. A shagonsa na Gyaɗi-Gyaɗi ya sha gaya mini cewa aikin nan duk a gam yake. Shi farin gam yake shafawa, daidai wa daida, ya matse da ƙarfe ya bar shi ya kwana biyu. Idan gam ya yi yawa, zai ɓullo ta fuskar fallen ya ɓata shi. Idan ya yi kaɗan, fallen zai ɗago. Katako mai danshi kuwa ko taɓa shi ba ya yi. Wancan gam mai wari da ke kamawa nan take, cewa yake a bar wa masu takalmi.

Wata damina wani attajiri a Daurawa ya ba shi ƙofofin sabon gidansa guda goma sha biyu. Bai kai ga mannawa ba hawan jini ya kwantar da shi mako uku a asibiti. Abokin aikinsa da ya koyi sana'ar a hannunsa, wanda zan kira Tanimu don ba sunansa ke nan ba, shi ya karɓi aikin. Ya sayo gam mai warin nan, ya tsinka shi da fetur don ya yi auki, ya shafa a katakon da bai bushe ba. A kwana huɗu ya gama, aka yi ta yaba masa zafin nama.

Da zafin bazara ya shigo, ƙofofin suka yi ƙuraje, gefensu ya nannaɗe. Attajirin ya lodo su a mota da rana tsaka, ya zube su a ƙofar shago, gaban masu adaidaita da masu shayi. Ina wurin. Ya ce, “Malam Garba, ashe kai ma macuci ne?” Tanimu na tsaye a gefe yana duban ƙasa. Yaya ya kalle shi sau ɗaya, sannan ya ce, “Alhaji, aikin shagona ne. Zan gyara.”

Daga ranar unguwa ta laƙa masa Garba Ɓamɓaro. Mutanen da ya yi wa gadajen aurensu, su ne suka fi kowa dariya. Wata biyar ya yi yana kankare ƙofofin nan yana sake manna su shi kaɗai, don Tanimu ya riga ya ware ya buɗe nasa wurin, yana raɗa wa masu kawo aiki cewa hannun tsoho ya fara rawa. Na ce, “Yaya, ka faɗi wanda ya yi mana!” Ya ce, “Ni na koya masa. Idan bai iya ba, laifin wa?” Har yau ina jin haushin wannan amsa. Ya mayar da ƙofofin lafiya lau, amma ba wanda ya ƙara kawo masa babban aiki. Ya ƙare yana gyaran bencin makaranta, bayan shekara biyu Allah Ya karɓi abinsa.

Yau Alhaji Tanimu yana da katafaren shagon kayan ɗaki mai gilashi a Tarauni. Na taɓa shiga. Warin fetur ne ya fara yi mini maraba. Da Yaya zai ga abin da ake sayarwa yanzu, kabad ɗin amarya da ke kumbura kafin a yi suna, na san ba zai yi zagi ba. Farcensa zai sa a gefe ya ɗaga, ya aje, ya fita. Ni ba ni da wannan haƙurin. Makon jiya Tanimu ya tare ni bayan sallar Juma'a, ya riƙe hannuna da hannu biyu, wai, “Allah Ya jiƙan maigidana.” Na ce amin, don addu'a ce. Sannan na zare hannuna.

Matar Yaya, Anti Hadiza, ta ce in bar wa Allah, tun da shi mai abin bai riƙe kowa ba. Na yarda ya fi ni. Bai bar gida ba, bai bar shago ba, don an mayar da wurin kantin sayar da waya. Abin da ya bari shi ne teburori da ƙofofi a gidajen mutanen da suka yi masa dariya, ko ɗaya bai ɗago ba. Su ne yanzu, idan na zamani sun ɓamɓare musu, suke tsayar da ni a hanya: “Malam, don Allah ina za mu sami kafinta irin yayanka?”

Nakan ce musu yana nan maƙabarta, su ne suka raka shi.