Madugun da Ya Zauna a Bakin Ruwa

Shekara goma sha tara ke nan ina jan bas tsakanin Kebbe da Tambuwal, kuma da zarar damina ta kankama ba na rabo da karan dawa guda ɗaya a ƙarƙashin kujerata. Fasinjoji kan ɗauka na korar awaki ne daga kan hanya. Ba na gyara musu. Wurin kakata, Inna Tumba, na samo wannan ɗabi'a, ita da ba ta taɓa shiga mota ba sai ranar da aka kai ta asibiti.

A wani ƙauye kusa da Sanyinna muka tashi. Lokacin sabuwar masara, in an yi isha'i ana yayyafi, madafar Inna muke cunkusuwa, mu jikoki shida. Tana gasa masara tana juya ta da hannu tsirara, kamar wutar 'yar uwarta ce. Hayaƙi ya cika mana ido, jinka na ɗiga a gefe guda, amma ba mai motsawa. Ni take kira maigida, wai mijin da bai taɓa kawo cefane ba sai baki. In ta ga mun natsu sai ta ce, "Ga gatana nan tsaye bakin ƙofa, a buɗe mata ko ta wuce?" Mu kuwa mu haɗa baki: "A buɗe mata, Inna!"

Tana da gatanu masu daɗi, na kura da na dodanni. Amma akwai guda ɗaya da muka tsana, ita kuma kamar da gayya, kowace damina sai ta kawo ta.

Wai wani madugu ne ya jagoranci fatake da jakuna arba'in, sun ɗauko gishiri. Suka iso bakin wani rafi da suka saba ƙetarewa ko wando ba su naɗewa, suka tarar ya kawo, ruwan ja wur. Madugu ya sauka, ya karyo kara, ya yi masa shaida da farce daidai inda ruwa ya tsaya, ya kafa shi a gaɓa, ya shimfiɗa buzunsa ya zauna. Fatake suka ce kasuwa za ta ci ba su. Suka ce tsufa ya kama shi, suka ce matsoraci ne, har wani ya ce a ɗaura masa zane. Shi dai idonsa na kan kara. Kwana uku ana haka, ruwa ya sauka taƙi biyu ƙasa da shaida. Ya naɗe buzu, suka ƙetare, suka sayar da gishiri, kowa ya koma gidansa.

Nan Inna ta tsaya, ta ci gaba da juya masara.

"Sa'annan mi yaf faru?" in ji ni.

"Shi ke nan. Sunka koma gida."

"To wa yam mutu?"

"Ba kowa."

"Ko jaki guda, Inna?"

"Kai ji mani mijin banza! Jini ka ka so? Jakin mi yai maka? Amshi masararka ka rufe mani baki."

Haushi ya hana ni cin masarar nan, wallahi. Gatana ba dodo, ba wanda ya sha wuya, ai wannan ba gatana ba ce.

Da na fara tuƙi, maigidan da ya koya mini ya nuna mini abubuwa da yawa: kar in taka burki da ƙarfi a kan laka, in kunna fitila ko da rana ce in hadari ya rufe, in na fito daga ruwa in riƙa taɓa burki kaɗan-kaɗan har ya bushe. Karan ne kawai ba shi ya ba ni ba.

Shekara huɗu da suka wuce, cikin tsakiyar damina, na taso daga Kebbe da safe da mutum goma sha takwas. An kwana ana ruwa. A kujerar bayana akwai wani manomi, Malam Umaru, da matarsa, ta rungume 'yarsu mai kamar shekara shida cikin zane. Zazzaɓi ya cinye wa yarinyar jini, wanda ya duba ta ya ce su wuce gaba inda za a ƙara mata. Tafin hannunta fari fat. Na gani da idona lokacin da suke shiga.

Akwai wani kwari a hanyar inda aka yi kwalbati. Muka iso muka tarar ruwa ya hau kansa ya shafe shi, ba ka gane inda siminti ya ƙare rami ya fara. Yana gudu, yana jan rassa da tushen gero. 'Yan kabu-kabu sun jingine baburansu a gindin wata ƙirya. Na kashe mota, na ɗauko karana, na yi shaida, na kafa, na tsuguna.

Zagi kam na sha shi. Wani ɗan kasuwa ya ce direbobin yanzu duk mata ne. Wata tsohuwa ta ce in ji tsoron Allah, ga yarinya na mutuwa. Ana cikin haka wata tifa ta ƙetaro daga wancan gefe, sai mota ta ɗauki hayaniya: ga shi nan wani ya wuce! Na ce tifa yashi ta ɗauko, nauyinta ya riƙe ta, tawa kuwa ruwan nan ɗaga ta zai yi kamar ƙwarya. Aka roƙi mai tifa ya juya ya ƙetarar da yarinyar. Ya ce da ƙyar ya sha, ko uwarsa ce ba ya komawa. Wani makiyayi dogo ya ce a ba shi yarinyar ya ɗora a wuya. Ya fara gwadawa shi kaɗai, ruwa ya kai masa ƙirji ya kwashe ƙafarsa, sai da aka miƙa masa sanda. Ɗaya hanyar kuwa, ta zagaye, tun jiya motoci suka kafe a cikinta.

Malam Umaru bai zage ni ba. Fitowa ya yi ya tsuguna kusa da ni, muka zuba wa kara ido tare.

"Direba, ya ragu?"

"Ya ragu yatsa guda, Malam."

"Nawa ka ka jira?"

"Taƙi guda, ko da ƙasa kaɗan."

Ya gyaɗa kai. Can ya ce, "Ɗiyata guda ce." Ba roƙo ba ne, faɗa kawai ya yi. Na ce na sani. Na duba motar, na ga kawunan mutane ta gilashi, har da wasu yara biyu da ke cin rake.

Bayan azahar kaɗan muka ji salatin mata daga cikin mota. Malam Umaru ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe rigarsa, ya tafi. Ni ban tashi ba. Ina nan tsugune har ruwa ya sauka, wajen la'asar.

Malam Umaru da matarsa suka sauka da gawar, suka tsaya jiran abin da zai mayar da su gida. Na sa giya ta ɗaya na shiga ruwa a hankali, ban ɗaga ƙafa ba har muka fita. Mutum goma sha biyar na sauke a Tambuwal lafiya lau. Ba wanda ya ce mini sannu, ba wanda ya ƙara zagina. Na je gida na ci tuwo malmala biyu, na yi barci. Na jira in ji wani abu a raina washegari, na jira mako ya zagayo. Har yau ina jira.

Na sha juya gatanar nan a raina ina tuƙi. Inna ta yi gaskiya, ranar da kowa ya koma gida ita ce ranar direba, ko da ba ta da daɗin ba da labari. Abin da ba ta faɗa mana ba shi ne ko cikin fataken nan akwai wanda ba shi da kwana ukun da zai bayar. Wataƙila akwai, ta ga mu yara ne ta cire shi. Ta rasu ban kai ga tambayarta ba. Da za a mayar da ni wannan rana, tsugunawar dai zan sake yi, kuma sanin haka bai taɓa sanyaya mini komai ba.

Malam Umaru yana shiga motata har yanzu in zai je kasuwa. Mukan gaisa, ya tambayi iyali, in tambayi gona. Daminar bara ruwa ya sake tare mu a kwarin nan yana ciki. Na kashe mota, fasinjoji suka fara hayaniya, wani saurayi har yana buga jikin mota da hannu. Sai na ji muryar Malam Umaru daga baya, ba da ƙarfi ba.

"Ku ƙyale shi. Ya san aikinai."

Motar ta yi tsit. Na so a ce zagina ya yi.